ZAMIYA A KAN DUSAR ƘANƘARA: WADDA TA JI KUNYAR FAƊUWA BA ZA TA IYA BA

Yau da tambaya zan fara. Wace ce a cikinku ta taɓa juya rigar sanyin nan ta gwanjo, mai kumburi kamar an hura mata iska, ta duba ta ciki da waje? In akwai ta a gidanku, ko da ta yayanki ce, ɗauko ta ki duba hannun hagu. A wasu za ki tarar da wani ɗan mitsitsin aljihu mai zif, wanda da ƙyar zai ɗauki goro biyu. Ki kuma leƙa ciki wajen ƙugu, za ki ga wani ƙyalle mai roba da maɓallai kamar ɗan siket. To wannan riga ba don hunturunmu aka ɗinka ta ba, rigar wasan zamiya ce a kan dusar ƙanƙara. Ɗan aljihun na katin shiga filin wasa ne, ƙyallen kuwa shi ke hana ƙanƙara shiga jikin mutum in ya faɗi. Kin ga ke nan tun a wajen tela an san mai rigar sai ta sha ƙasa.

Mutanen Jibiya sun fi kowa sanin irin waɗannan riguna. Shekara da shekaru dilolin gwanjo sun riƙa sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a loda su a manyan motoci zuwa Maraɗi, daga nan su biyo ta Ɗan Isa su tsallako Magama, su bazu a Jibiya da Katsina har Kano. Da zarar hunturu ya kankama a watan Disamba, hazo ya rufe hanyar Maraɗi, sai ki ga ɗan acaɓa da mai shayi da 'yar makaranta kowa ya cusa kansa a ciki. Rigar dai ta tsallako iyaka ta iso mana, wasan ne bai iso ba.

Na san wata za ta ce, "Haba Anti, ina mu ina ƙanƙara?" To ƙanwata, duniyar nan ta zama tafin hannu. Ga 'yan uwanku mata nan suna karatu a Masar da Turkiyya da Maroko, ga iyayenmu 'yan kasuwa suna zuwa Dubai sarin kaya da 'ya'yansu, ga kuma amare da ake kaiwa hutun amarci. A duk ƙasashen nan akwai inda ake wannan wasa, kuma ba ki san ranar da za a miƙo miki takalmin a ce bismillah ba. Wadda kuma ba za ta taɓa zuwa ba, ita ma ta karanta, domin abin da ke kayar da mai koyon zamiya shi ne dai yake kayar da mai koyon keke da mai koyon tuƙi da mai koyon Turanci a gaban aji.

WANE IRIN WASA NE?

Da farko kada ki haɗa dusar ƙanƙara da ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan farkon damina tana ƙwanƙwasa kwanon ɗaki, ko wadda ake sayarwa a buhu lokacin zafi. Ita wannan sauka take a hankali kamar an sheƙe auduga daga sama, fara fat, ta taru ta rufe dutse da bishiya. Ba ta zama sai sanyi ya kai wajen sifiri a ma'aunin Salshiyas, wato inda ruwa ke daskarewa. Mu kuwa a Jibiya in sanyin asuba ya sauka ƙasa da digiri 15 sai a hura wuta, a ce yau ba wanka.

Shi wasan kuma ba baƙo ba ne ƙwarai. Duk wadda ta tashi kusa da gulbi ta ga yara suna sulu a gangaren yashi da rani, a zaune kan kwali ko fasasshiyar jarka. Bambancin shi ne a can a tsaye ake yi, an ɗaura wa kowace ƙafa dogon allo siriri mai santsi, ga sanda a kowane hannu. Turawa suna ce masa siki, kalmar kuwa daga tsohon harshen mutanen Norwe ta fito, ma'anarta faskaren itace. Asalinsa ma ba wasa ba ne, hanyar tafiya ce da farauta a ƙasashen da ƙanƙara ke rufe hanya wata da watanni, har an tono guntayen irin waɗannan alluna a arewacin Rasha da suka kai shekara 8,000. Wani ɗan ƙauyen Norwe mai suna Sondre Norheim, wanda ya rayu daga 1825 zuwa 1897, shi ake yi wa kallon uban wasan na zamani, saboda gyaran da ya yi wa maɗaurin ƙafa har aka iya karya kwana da allunan. A 1924 aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a garin Shamoni na ƙasar Faransa.

INA AKE SAMUNSA KUSA DA MU?

In kika tsaya a iyakar Magama kika fuskanci arewa, bayan Maraɗi da Agadas da hamadar Sahara gaba ɗaya, sai duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya. Ba ta wannan hanya ake zuwa ba fa, ta jirgin sama ake zuwa da fasfo da biza. A Maroko akwai Ukaimidin, kimanin kilomita 75 daga birnin Marrakesh. Ƙauyen yana kan tudu mai tsawon mita 2,600, ƙololuwar dutsen kuwa ta haura mita 3,200. Abin da zai ba 'yar Jibiya dariya, a can ma da alfadari da jaki akan hau da baƙi gangaren. Lokacinsa tsakanin Janairu ne da Maris, amma a shekarun fari ƙanƙarar takan yi ƙaranci, don haka a tambaya kafin a kama hanya. A Maroko ɗin dai akwai garin Ifran, inda a 1935 sanyi ya kai kusan digiri 24 ƙasa da sifiri, mafi tsananin da aka taɓa aunawa a Afirka.

A kudancin Afirka akwai Afriski a ƙasar Lesoto, a kan tudun da ya kai mita 3,000. Su hunturunsu daga Yuni ne zuwa Agusta, lokacin da mu muke tsakiyar damina. A Turkiyya akwai dutsen Uludag kusa da birnin Bursa. Sai kuma na cikin ɗaki, inda inji ke yin ƙanƙarar: Ski Dubai da aka buɗe a 2005 a cikin wani katafaren kanti, gangarensa mafi tsawo mita 400, da Ski Egypt da aka buɗe a 2017 a gefen birnin Alƙahira. Waɗannan biyun sun fi sauƙi ga mai koyo, domin a nan ake ba ki aron riga da wando da takalmi, kuma babu wahalar hawan dutse.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Maganar farko ta lafiya ce, kuma don Allah a riƙe ta da kyau. Duk mita 1,000 da kika hau sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri 6, iskar shaƙa kuma tana raguwa. Daga mita 2,500 zuwa sama wasu kan fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Ga mai cutar sikila, sanyi da ƙarancin iska da ƙishirwa su ne manyan masu tayar da ciwon, kuma ga su nan duka uku a wuri ɗaya. Ko mai AS ma tudu mai tsawo yana iya taɓa mata saifa. Saboda haka mai sikila da mai asma da mai ciwon zuciya, a ga likita tukuna, kada a ɓoye don gudun kada dangin miji ko ƙawaye su sani. Mai juna biyu kuwa ta haƙura da zamiya, ta zauna ta sha shayi ta yi kallo.

Na biyu, ƙarfin cinya. Daka da surfe sun ba mu ƙarfin dantse, amma wannan wasa cinya da gwiwa yake ci. Tun saura wata guda ki riƙa tsugunnawa kina miƙewa kullum da safe, ki kuma jingina bayanki da bango kamar kina zaune a kan kujerar da babu ita, har ki ƙirga 30.

Na uku, sutura. Hawa uku ake sawa: ta ciki mai kama jiki, ta tsakiya mai ɗumi irin suwaita, sai ta waje wadda ruwa ba ya ratsawa. Ta ciki kada ta zama ta auduga, domin auduga tana riƙe gumi, gumin kuma ya huce a jikinki ya zame miki ƙanƙara. Safa ƙafa ɗaya mai tsawo ta isa, in kika jera uku sai takalmin ya matse jini ya kasa gudu, ƙafar ta fi yin sanyi. Riga da wando na waje, ki nema a gwanjo tun daga gida, za ki rage kuɗi mai yawa. Alluna da takalmi da sanduna da hular kwano kuwa haya ake yi a can, kada ki saya.

Wadda ke tunanin suturta jiki, ta kwantar da hankalinta, domin babu wasan da ya kai wannan rufe mutum, daga ke sai ƙwayar ido, ita ma tana bayan tabarau. Sai dai dogon hijabi da gyale mai jan ƙasa ba su da wuri a nan, suna iya sarƙewa a ƙarfen kujerar da ke hawa da mutane su shaƙe wuya. Ki sa ƙaramin hijabi mai kama kai wanda ba ya buƙatar allura, ki cusa bakinsa cikin riga, ki ɗora hular kwano. Amarya kuma lallenki zai jira, safar hannu dole ce.

Kada ki ce ke baƙa ce rana ba ta ƙona ki. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna zuwa fuska da ido, har takan jawo makanta ta kwana ɗaya ko biyu mai raɗaɗi kamar an zuba yashi a ido. Ki sa tabarau, ki shafa man kare rana, ki shafa wa leɓe man kaɗanya. Masu shafe-shafen man bilicin su suka fi kowa shiga haɗari. In hutun na dutse ne, a tabbata inshorar tafiya ta haɗa da wannan wasa, domin da yawa ba sa haɗawa.

RANAR FARKO

Jarrabawar farko a shagon haya take. Mai shagon zai tambaye ki nauyinki da tsawonki da shekarunki, da kuma ko kin taɓa yi. Na san halinmu, mai kilo 75 sai ta ce 60, wadda ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta ce, "Eh to, na ɗan iya." Kul! Da wannan lissafi yake saita maɗaurin da ke riƙe takalmi a jikin allo, wanda aka yi shi don ya saki ƙafarki in kin yi mummunar faɗuwa. In an saita shi ba daidai ba, ko dai ya sake ki kina cikin tafiya, ko ya ƙi saki gwiwarki ta murɗe. Gwiwa kuwa ita ce gaɓar da masu wannan wasa suka fi ji wa ciwo. Ki buɗe baki ki ce ban taɓa yi ba, sai a ba ki gajerun alluna da ba su wuce haɓarki ba.

Takalmin na roba ne mai tauri da nauyi, da kin sa shi sai tafiyar agwagwa. Kowa haka yake yi, har gwanayen. Daga nan sai wajen malami, kuma ajin taro ya fi na mutum ɗaya araha, ga shi za ki ga 'yan uwanki masu koyo suna zubewa kamar ke. In kin fi son mace ta koya miki, ki nema tun wajen biyan kuɗi.

A fili shimfiɗaɗɗe ake farawa, da allo ɗaya a ƙafa ɗaya, sannan biyu. Sai tsayuwa: ki ɗan lanƙwasa gwiwa, ƙwaurinki ya jingina da gaban takalmin, hannuwa a gaba kamar kin ɗauko faranti za ki kai wa baƙi, ido kuma a inda za ki, ba a ƙafarki ba. Daga nan sai babban darasi, wato birki. Kin san tsayuwar mai gwame? To ita ce. Ki kusanto da kawunan allunan biyu ba tare da sun hau juna ba, ki tura dugaduganki waje, su yi kamar bakin garma. Iya buɗewar bayan, iya raguwar gudunki, har ki tsaya cak. Kwana kuma a juye take: in hagu kike so, ƙafar dama za ki danna, in dama kike so, ki danna ta hagu.

Ga inda kowa ke shan ƙasa. Da allunan sun fara gudu sai gabanki ya faɗi, jikinki ya ce ki ja baya, kamar yadda kike yi in jaki ya zabura da ke. To ja da bayan nan shi ke ɗage kawunan allunan su ƙwace miki, gudun ya ƙaru. Maganin shi ne ki tura jikinki gaba, wajen abin da kike tsoro. Ba ya shiga kai a rana ɗaya.

Ita kanta faɗuwar koyar da ita ake yi. In kin ga abin ya fi ƙarfinki, ki zube ta gefe a kan ƙugu, kada ki zauna a kan bayan allunan domin za su ci gaba da tafiya da ke, kada kuma ki tokare ƙasa da hannu riƙe da sanda, nan ake targaɗa babban yatsa. Wajen tashi, ki jera allunan a ƙasa da ke, a gicciye da gangaren, sannan ki yunƙura. In suna kallon ƙasa, kina miƙewa za su tafi da ke. Hawa sama kuma akwai wata doguwar tabarma mai tafiya da kanta don masu koyo, kujerar da ke lilo a jikin waya sai kin iya birki.

ANGO BA MALAMI BA NE

Amare, ku matso kusa. Akwai angon da ya taɓa yi sau biyu lokacin yana karatu a waje, zai ce, "Haba gimbiya, me za mu ba wani kuɗi? Ai ni zan koya miki." Ki yi murmushi ki ce, "Ranka ya daɗe, ka bar ni da malamar, in na iya sai in zo in burge ka." Wanda ya iya abu daban, wanda ya iya koyar da shi daban. Shi ya manta yadda tsoron ranar farko yake, ke kuma ba kya son ya ga kin yi warwas, daga "ki danna mana" sai murya ta tashi, sai hawaye, hutun amarci ya koma zaman kurame a ɗakin otal.

Haka ma ƙawaye. A wasu ƙasashen Turai launi huɗu ake yi wa gangare alama: kore na masu koyo, shuɗi mai sauƙi, ja na waɗanda suka iya, baƙi na gwanaye. Yadda ba a tashi daga Jibiya a faɗa Maraɗi sai an tsaya a Magama an tsaya a Ɗan Isa, haka ba a tsallake launi. In wata ta ce, "Ke matsoraciya, zo mu hau can mu ɗauki hoto," ki ce mata ta gaida na gaba. Karambanin akuya ne gai da kura. Dokar filin kuma ita ce wanda ke gabanki shi ke da hanya, ke za ki kauce masa, kuma ba a tsayawa hira a tsakiyar gangare ko bayan tudun da na sama ba ya hango ki.

Kan nan kuma guda ɗaya ne. A watan Maris na 2009 wata shahararriyar 'yar fim ta Ingila, Natasha Richardson, ta faɗi a gangaren masu koyo a ƙasar Kanada, tana tare da mai koya mata, babu hular kwano a kanta. Ta tashi tana magana lafiya lau, ta ce ba ta buƙatar likita. Ashe jini na taruwa a cikin kanta, bayan kwana biyu ta rasu. Don haka in kanki ya bugu, ko da kin ji garau, ki je a duba ki, kada ki ce kar in tayar wa mutane hankali. In kuma kin gaji ki tsaya, domin gajiyayyar ƙafa ba ta jin umarni.

AI BA KE KIKA FARA DA GIRMA BA

Wata za ta ce ta yi girma da koyo, yara 'yan shekara 4 suna wuce ta fiu kamar tsuntsaye. To saurari wannan. Kwame Nkrumah-Acheampong ɗan Gana sai da ya kusa shekara 30 sannan ya fara, a wani filin cikin ɗaki a Ingila inda yake aikin karɓar baƙi, amma a 2010 ya wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik ta Bankuba a Kanada, ya kuma kai ƙarshen tseren da gwanaye da yawa suka kasa ƙarasawa. Kafin shi, Lamine Gueye na Senegal ya shiga gasar a 1984. A gasar 2010 ɗin ce Marjan Kalhor ta zama mace ta farko daga Iran da ta shiga Olamfik ta hunturu.

Mu ma nan gida, mata ne suka fara kai tutar Nijeriya wannan gasa, a 2018 a Koriya ta Kudu. Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga sun shiga tseren amalanken ƙanƙara, kuma da amalanken katako da Seun ta haɗa da hannunta a birnin Hustan na Amurka suka fara atisaye. Simidele Adeagbo kuwa tana da shekara 36 ta shiga tseren da ake kwanciya rub da ciki a kan ɗan allo, kai a gaba, alhali a 2017 ta fara koyonsa. A 2022 Samuel Ikpefan ya wakilci Nijeriya a wasan zamiya na dogon zango a birnin Bejin.

Kunya ado ce ga 'ya mace, babu mai musun wannan, ita ce ke sa ki rusuna wa babba ki kuma tsare mutuncinki. Amma akwai wata wadda ba kunya ba ce, tsoron dariyar mutane ne ya ari sunanta. Ita ce ke sa yarinya ta rage nauyinta a shagon haya, ta ɓoye ciwonta, ta bi ƙawa zuwa gangaren da ya fi ƙarfinta, ita ce kuma ke hana ta ɗaga hannu a aji ta ce, "Malam ban gane ba." Yawancin masu koyo cikin kwana uku zuwa mako guda suke fara sauko da koren gangare da kansu, suna kwana suna tsayawa inda suka ga dama, kuma babu ɗaya a cikinsu da ba ta kakkaɓe ƙanƙara daga bayanta ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Wadda ta taɓa gwadawa a cikinku, ko a Masar ko a Dubai ko a wani wuri, ta rubuto mana yadda ta kaya, da sau nawa ta sha ƙasa, kada ta rage ko ɗaya.